Ponte: Gidan Haya Mai Hawa 54 a Tsakiyar Johannesburg

Uwargida, idan Allah Ya nufe ki da zuwa Johannesburg, tun a hanyar shiga gari daga filin jirgin sama na O.R. Tambo za ki hango shi. Dogon gini ne kewayayye mai launin tokar siminti, yana tsaye a kan tudu kamar an kafa ƙaton turmi, ga jan allon tallan kamfanin waya na Vodacom naɗe a kansa kamar rawani. Sunansa Ponte City, amma 'yan gari Ponte kawai suke ce masa. Gidan haya ne, irin wanda ake girki da wanki da rainon yara a cikinsa, sai dai shi hawa 54 gare shi, tsawonsa mita 173, kuma ya shafe shekaru masu yawa babu ginin zaman jama'a da ya kamo shi a tsawo a duk nahiyar Afirka.

Wani kwas na ma'aikatan jinya ne ya kai ni garin, da na samu Asabar ɗin da babu karatu sai na bi masu zagayawa da baƙi na shiga. Duk wadda ta taɓa zama a gidan haya mai yawan jama'a ta san irin rigimarsa: wa zai share tsakar gida, wa zai biya kuɗin kwasar masai, wa ya bar famfo yana zuba, me ya sa mai gida ba ya ɗaga waya sai ƙarshen shekara. To, ki ɗauki wannan rigimar ki ɗora ta a kan gida mai sassa fiye da 400, ɗaya bisa ɗaya. Tarihin Ponte ke nan.

Daga waje za ki ɗauka ginin cike yake har ciki. Sai an bi da ke ta wurin ajiye motoci, an sauka 'yan matakala, sannan ki tsinci kanki a tsakar gidansa, ki gane ashe tsakiyarsa fayau take tun daga ƙasa har sama. Kamar kina tsaye a gindin rijiya ne. Ƙarƙashin ƙafarki dutse ne na asali, falalen da aka tarar a wurin, magina ba su daidaita shi ba, suka bar shi da tudu da gangarensa. Idan kika ɗaga kai, tagogi ne zobe a kan zobe, suna ta ƙanƙancewa, can ƙarshe sai ɗan da'irar sararin sama wanda bai fi faifai ba a ido. Wurin da sanyi ko da rana tsaka. Sauti kuma ba ya ɓuya a cikinsa: ƙarar murfin tukunya daga wani hawa, kukan jariri daga wani, rediyo daga can sama, duk suna gangarowa su same ki a ƙasa. Wata daga cikin abokan tafiyarmu jiri ya ɗebe ta, sai da ta zauna a kan dutsen.

Wannan ramin yana da dalili. Dokar gini ta birnin a wancan zamani ta ce dole kicin da banɗaki su kasance da taga. Masu zanen ginin su uku, Mannie Feldman da Manfred Hermer da Rodney Grosskopff, sai suka huda tsakiyarsa: falo da ɗakunan kwana suna kallon gari, kicin da banɗaki da hanyar wucewa suna samun haske da iska daga ciki. Dabara ce mai kyau, kuma duk ma'aikaciyar lafiya za ta yaba, domin mun san abin da ɗaki marar iska yake yi wa ƙirjin yaro. Ba su san sun gina abin da zai zama juji mafi suna a Afirka ta Kudu ba.

An kammala Ponte a 1975, a unguwar Berea, dab da Hillbrow. A lokacin nan ne wurin 'yan gayu: shagunan shan kofi, kantunan littattafai, gidajen rawa, matasa Turawa masu albashi mai kauri da baƙi 'yan ci-rani daga Turai. An yi ginin ne domin su. A ƙasa akwai kantuna, a can ƙololuwa kuma akwai manyan sassa masu hawa uku-uku, da ɗakin sirace, da wurin gashin nama a sarari, da kafet mai gashi har a jikin bango. An ma taɓa tunanin yin filin zamiyar ƙanƙara a cikin ramin, don masu kuɗi su yi wasa ba sai sun je Turai ba.

Baƙar fata kuwa ba ta da izinin kama haya a ciki. Dokar raba unguwanni ta 1950 ta ware wannan yanki ga Turawa zalla, baƙi sai dai su shigo aiki. Ɗakunan da aka tanadar wa masu aikin gida ƙanana ne, aka kuma ɗaga tagoginsu sama da tsayin mutum don kada mai aiki ta leƙa ta hango uwar ɗakinta a cikin gida. Ki duba fa: ita ke wanke musu banɗaki, ita ke goyon 'ya'yansu, amma ganinsu ta taga ya zama laifi.

Shekara guda bayan kammala shi, ranar 16 ga Yuni 1976, 'yan makaranta suka fito zanga-zanga a Soweto, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Daga nan ƙasar ba ta sake komawa yadda take ba. Turawa masu hali suka fara ficewa daga tsakiyar gari, wasu zuwa ƙasashen waje, wasu zuwa unguwannin arewa masu katanga da lambu irin su Sandton. Sassa suka zama babu kowa a Hillbrow da Berea, alhali Indiyawa da 'yan ruwa-biyu da baƙaƙe suna cikin matsanancin rashin muhalli a unguwannin da aka cusa su.

A nan nake so ki natsu, domin nan ne gizo ke saƙar. Masu gidaje suna son kuɗi, sai suka fara ba wa waɗanda doka ta hana haya a ɓoye, sau da yawa wani Bature ne zai sa hannu a takarda a madadin ɗan hayar. Tunda zaman nasa ya saɓa doka, sai a tsuga masa kuɗin da ya fi na Bature. Don ya iya biya, sai ya kawo ɗan'uwa, ɗan'uwa ya kawo aboki, sashen da aka yi don mutum biyu ya ɗauki takwas. Famfo ya lalace, ina zai kai ƙara? Wanda yake tsoron a gane yana nan ba ya zuwa ofishin hukuma ya yi ƙorafi. Mai gida ya gane cewa ko bai gyara komai ba kuɗinsa na shigowa. Bankuna su ma suka daina ba da rance a yankin, don haka ko mai niyyar gyara ba shi da inda zai samo kuɗi, mai son sayarwa kuma babu mai saye. Kafin a soke dokar raba unguwanni a 1991, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Bayan zaɓen 1994 manyan kamfanoni suka ci gaba da kwashe ofisoshinsu, har kasuwar hannun jari ta koma Sandton a 2000.

A shekarun 1990 Ponte ya cika da sababbin baƙi daga sassan Afirka, musamman 'yan Kwango da suka gudo daga rikicin ƙasarsu, da 'yan Najeriya da sauransu. 'Yan daba da dillalan ƙwaya da kawalai suka samu gindin zama a wasu hawa. Na'urorin hawa bene, wato lifta, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shara ta fara taruwa a cikin ramin nan na tsakiya har ta binne tagogin hawa na ƙasa. Masu ba da labari sun sha bamban kan tsayinta, wasu su ce hawa 5, wasu su kai ta 14. Wurin ya kuma yi mummunan suna saboda mutanen da baƙin ciki ya rinjaya suka faɗo daga sama. Allah Ya tsare mu da zuri'armu.

Idan ana ba da labarin sharar nan, yawanci da sigar ƙyama ake bayarwa, wai ga mutanen da suka mai da gidansu bola. Ni dai da na tsaya a gindin ramin lissafi na yi irin na aikinmu. Ki ce ke ce a hawa na 40, da goyo a baya da wani a hannu, lifta ba ta aiki, babu mai zuwa kwasar shara. Sauka da hawa sau ɗaya ya cinye miki rabin safiya, kuma a matakalar akwai duhu, akwai waɗanda kike tsoron haɗuwa da su. Ga ledar shara tana wari a kicin, ga taga a buɗe tana kallon rami. Kwana nawa za ki yi kina daurewa? Ban ce daidai ba ne. Amma idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma wanda ya karɓi kuɗin haya ya bar lifta a mace yana da kaso mafi girma a cikin wannan juji.

Sharar ma ita ce ƙaramar matsala. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mai naƙuda. A gidan ƙasa, idan haihuwa ta zo da gardama, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mace, maƙwabta za su ɗauke ta a tabarma su sa a mota cikin minti biyar. A hawa na 40 babu lifta fa? Motar asibiti tana ƙasa, mace tana sama, tsakaninsu ɗaruruwan matakala masu lanƙwasa waɗanda gadon ɗaukar marar lafiya ba ya juyawa a cikinsu da sauƙi. Mu da muke ɗakin haihuwa mun san zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Haka mai ciwon asma, haka tsoho mai hawan jini, haka yaron da ruwan zafi ya ƙona. Ga cunkoso a ɗaki ɗaya, abin da tarin fuka ya fi so ke nan. A dogon bene lifta da famfo da motar shara kayan asibiti ne, ko da ba a rubuta su a takardar magani.

Bari in ɗan ratse, tunda na ambaci 'yan Najeriya. A Johannesburg an daɗe ana jingina lalacewar Hillbrow da mu, har ta kai idan kika faɗi ƙasarki wani sai ya yi murmushin da ba ki so. Akwai ɓata-gari a cikinmu, babu mai musu. Sai dai ki lura da jerin shekarun da na kawo miki: gidajen sun fara ruɓewa tun kafin yawancin 'yan Afirka ta Yamma su sami hanyar shiga ƙasar. Fim ɗin District 9 na 2009, wanda Ponte ya fito a cikinsa, ya nuna 'yan Najeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman mutane, har ministar yaɗa labarai ta lokacin, marigayiya Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi. Masu shirya fim suna son Ponte ƙwarai, amma kusan kullum a matsayin kangon ƙarshen duniya suke nuna shi. Ba su cika nuna uwar da ke shirya yara makaranta a ciki ba.

To, me za a yi da gini irin wannan? Rushe shi ba wasa ba ne, ga tsada ga gidaje kewaye da shi. Shawara ta farko da ta yi ƙarfi, a ƙarshen shekarun 1990, ita ce a mai da shi gidan yari. Masu wannan ra'ayi sun ga siffarsa ta dace: ƙofar shiga kaɗan, kowane hawa zobe ne, mai gadi ɗaya na iya ganin ƙofofi da yawa. Allah Ya sa maganar ba ta tabbata ba. Abin mamaki, can ɗaya gefen Hillbrow akasin haka aka yi. Tsohon kurkukun da aka taɓa tsare Gandhi da Mandela, wanda a ɓangarensa na mata aka tsare Winnie Mandela da Albertina Sisulu a 1958 saboda zanga-zangar ƙin takardar fas, shi aka mayar mazaunin Kotun Tsarin Mulki a 2004, har da tubalan tsohon ginin aka yi amfani a sabon. Albertina nas ce kuma ungozoma, ita ta kula da Winnie a cikin kurkukun lokacin da cikinta ya yi barazanar zubewa. Za mu sake komawa kan wannan kotu.

Shawara ta biyu ta zo a 2007, lokacin da ƙasar ke shirin karɓar gasar cin kofin duniya ta 2010, ga kuma filin wasa na Ellis Park a kusa. Wasu 'yan kasuwa biyu, David Selvan da Nour Addine Ayyoub, suka zo da shirin da suka kira Sabon Ponte: a fitar da 'yan haya, a gyara sassan da kayan alatu iri-iri, wani salon Maroko, wani salon masu tsohon kuɗi, a sayar wa masu hali. Aka sallami iyalai da yawa, aka fara fasa bango, aka manna hotunan talla na kyawawan matasa suna shan iska a falo. Sai tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, kuɗi suka ƙafe, aikin ya tsaya cak. Waɗanda aka kora sun riga sun watse, waɗanda aka yi wa gyaran ba su zo ba. Wasu masu ɗaukar hoto biyu, Mikhael Subotzky da Patrick Waterhouse, sun shiga ginin a wannan tsakanin, suka yi shekaru suna ɗaukar hoton kowace ƙofa da kowace taga da kowace talabijin, suna kuma tsintar abin da korarrun suka bari a ƙasa: hotunan iyali, wasiƙu, takardun neman mafaka. Aikin ya ci babbar kyautar hoto ta Deutsche Börse a 2015.

Ginin ya koma hannun masu shi na da, kamfanin Kempston, wanda tun farkon shekarun 2000 ya fara gyare-gyare. Abin da suka yi ba shi da armashin da za a buga a allon talla. An kwashe shara. An gyara lifta, an gyara wayarin da bututun ruwa, an sa masu gadi dare da rana, an sa ƙofar da ba ta buɗewa sai ɗan haya ya ɗora yatsarsa. Aka ci gaba da ba da haya ga masu matsakaicin samu: direbobi, masu gadi, ɗalibai, ma'aikatan kanti da na asibiti, 'yan ƙasa da baƙi. Yau dubban mutane ne a ciki. A lifta na haɗu da wata mata da buhun garin masara a ka, da yara sanye da rigunan ƙwallo, da wani dattijo riƙe da ledar magani. Ramin tsakiya a share yake, dutsensa ya fito.

Kada in yi miki zaƙin baki, wannan tsari yana da nasa ɗacin. Dokokin gidan masu tsauri ne, baƙo sai ya yi rajista, kwanan baƙo ma da ƙa'idarsa. Na yi tunanin yadda irin gidajenmu za su kaya da wannan, mu da ƙanwar miji za ta zo gaisuwa ta yi wata uku, ko uwa ta zo wankan jego ta yi arba'in. Kuma wanda ya kasa biyan haya ba ya daɗewa. Talakan da ya fi kowa talauci, mai tallan tumatir a bakin titi ko mai tsintar robobi, Ponte na yau ya fi ƙarfinsa. Amma duk da haka, idan aka ba uwa zaɓi tsakanin ƙofa mai takura da ƙofar da kowa ke shiga, na san wadda za ta ɗauka.

A ƙasan ginin akwai wata cibiyar yara mai suna Dlala Nje, da harshen Zulu ma'anarta a yi wasa kawai. Wasu matasa biyu da suka zauna a ginin, ɗan jarida Nickolaus Bauer da abokinsa Michal Luptak, su suka buɗe ta a 2012. Su ne ke zagayawa da baƙi cikin Ponte da titunan Hillbrow, kuɗin da baƙi suka biya kuma da shi ake tafiyar da wurin da yaran unguwa ke zuwa bayan makaranta su yi aikin gida, su yi karatu, su yi wasa. Yawancin masu yi wa baƙi jagora matasan unguwar ne. Wannan ya burge ni fiye da komai, domin yaron da ke zaune a hawa na 30 ba shi da ƙofar gida, ba shi da dandali. Uwa ba za ta ce je ka waje ka yi wasa ina ganinka ba. Idan babu irin wannan ɗaki, sai talabijin ko titi.

Daga nan sukan hau da baƙi hawa na 51. Gani ya kori ji. Ga hasumiyar Hillbrow tsaye kusa kamar ki miƙa hannu, ga unguwannin arewa sun lulluɓe da bishiyoyi, ga dogayen ginin Sandton can nesa, a kudu kuma ga tsibin ƙasa rawaya da aka tono daga ramukan zinariya, zinariyar da ta kafa garin a 1886. Amma idan kika sunkuyar da kai kika dubi unguwar da ke ƙarƙashinki, za ki ga wasu benaye da tagoginsu babu gilashi, an toshe da kwali da bargo, bango ya yi baƙi da hayaƙi, ga shanya a baranda alamar akwai mutane. Su ake kira gine-ginen da aka ƙwace: masu su sun gudu ko sun yi watsi da su, wasu 'yan daba suka karɓe suna karɓar haya, babu ruwa, babu wuta sai ta sata. Nan ne waɗanda Ponte ya fi ƙarfinsu suke ƙarewa.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje na so ki san labarinsa, ko da yake ba a Berea yake ba, yana unguwar Marshalltown, tafiyar 'yan mintuna a mota. Bene ne mai hawa 5 a lamba 80, titin Albert. An gina shi a 1954 a matsayin babban ofishin takardar fas, inda baƙaƙe ke yin layi a duba ko sun cancanci zama a birni ko a kore su ƙauye. Bayan faɗuwar mulkin wariya, ginin yana hannun hukumar birni, aka ba da shi haya ga wata ƙungiya ta mai da shi mafakar mata da yaran da suka gudo daga duka da cin zarafi. Sunan mafakar Usindiso, wato ceto. Ki ji kyan wannan sauyi: gidan da aka wulaƙanta iyaye ya zama inda 'ya'yansu mata ke samun mafaka. Amma sauya wa gini aiki abu ɗaya ne, riƙe shi wani abu ne daban. Tafiyar ƙungiyar ta yi rauni, hukuma ba ta sa ido ba, 'yan ƙwace suka shiga. Aka yayyanka ɗakuna da katako da kwali, aka kakkafa ƙofofin ƙarfe ana kullewa da dare saboda tsoron ɓarayi, hanyoyin tsira suka toshe.

Cikin daren 31 ga Agusta 2023 gobara ta tashi. Mutum 76 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ne. Da yawa sun maƙale ne a bayan ƙofar da ke kulle, wasu iyaye suka riƙa jefo 'ya'yansu ta taga. Cikin mamatan akwai 'yan ƙasa, akwai 'yan Malawi da Tanzaniya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga baya wani mutum ya amsa a gaban kwamitin bincike cewa shi ya kunna wutar. Amma kwamitin, ƙarƙashin tsohuwar mai shari'a Sisi Khampepe, a rahotonsa na Mayu 2024 ya ɗora wa hukumar birni alhaki, domin ta san halin da ginin ke ciki shekaru kafin gobarar ba ta ɗauki mataki ba. Ya kuma ba da shawarar a rushe ginin.

Za ki ce, to me ya hana a kwashe mutane daga irin waɗannan gidaje a gyara? A nan kotun da na ambata ta shigo. Tsarin mulkin Afirka ta Kudu ya hana a fitar da mutum daga muhallinsa sai da umarnin kotu. A 2008, a shari'ar mazauna wani bene da ke titin Olivia a nan Berea, Kotun Tsarin Mulki ta ce dole hukuma ta zauna da mazauna a yi magana ta gaskiya kafin a tashe su. A 2011 kuma, a shari'ar wani gini da ke titin Saratoga, maƙwabcin Ponte, ta ce idan korar za ta bar mutane a titi, wajibi ne birni ya ba su masaukin wucin gadi, ko da ginin na ɗan kasuwa ne. Jami'ai kan yi kukan cewa waɗannan hukunce-hukunce sun ɗaure musu hannu. Ni a ganina kotu ta faɗi abin da kowace uwa ta sani ne: ba a tayar da yaro daga shimfiɗa sai an tanadi inda za a kwantar da shi. Matsalar ita ce masaukan wucin gadin ba su wadatar ba, don haka gyara ke tafiyar hawainiya.

Ana iya yi idan an so. A cikin Hillbrow ɗin nan, a harabar tsohon asibitin da aka rufe, an gyara wani tsohon ginin tiyata aka buɗe shi a 2012 a matsayin cibiyar lafiyar mata masu ciki da yara mai suna Shandukani, da haɗin gwiwar gwamnatin lardi da jami'ar Wits da wasu kamfanoni. Matan da ke zaune a benayen nan, masu kyau da marasa kyau, suna da wurin awo da haihuwa kusa da gida.

Shi kuwa Ponte, a 2025 ya cika shekara 50. Kankare yana tsufa kamar mutum: ruwa na shiga tsaga, ƙarfen ciki na tsatsa, bututu na toshewa, lifta na neman canji. Ga ɗauke wuta da yankewar ruwa da suka addabi Johannesburg a 'yan shekarun nan, waɗanda a dogon bene illarsu ninki ce, tunda sai da wuta ake tura ruwa sama. Gyara na gaba zai ci kuɗi mai yawa, kuma duk lokacin da aka ce gyara mai tsada, sai wani ya tuno da shawarar 2007, a fitar da masu ƙaramin ƙarfi a kawo masu kuɗi ko 'yan yawon buɗe ido. An gwada, an ga inda ta ƙare. Da za a tambaye ni, sai in ce a bar shi gidan iyali yadda yake, a riƙa gyara hawa-hawa ana matsar da mutane cikin ginin maimakon a watsa su. Sararin kantunan ƙasa kuma a ƙara ba yara da mata: wurin rainon jarirai don uwa ta fita aiki hankali kwance, da ɗan ƙaramin asibitin rigakafi da awo, tunda jama'ar ginin kaɗai sun kai yawan wani ƙauyen da ke da nasa asibitin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka matan da ke ciki ya kamata a fara tambaya.

Wani abu da zai ba ki dariya ko haushi: lokaci-lokaci ana shirya gasar gudu a matakalar Ponte, daga ƙasa har ƙoli, matakala sama da 900. Mutane na zuwa daga unguwannin masu kuɗi da takalman motsa jiki da gorar ruwa, su biya kuɗin shiga, su hau suna haki, a ɗauke su hoto a sama. Matakalar nan ce dai matan shekarun 1990 suka riƙa hawa da cefane da goyo. Kuɗin gasar yana tafiya ne wurin yaran Dlala Nje, don haka ban ce komai ba. Mu dai da muka gama kallo a hawa na 51, lifta muka bi muka sauko.